Kalmar sirri ba mabuɗi ba ce

Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Ni ce Hauwa, tare da Malam Kabiru da Nasiru. Yau za mu tsaya a wani wuri da masu rubuta manhaja suka saba wucewa a guje, wato yadda ake fitar da mabuɗin ɓoye bayanai ta API na laburare, wato ƙofar da manhaja ke bi ta kira kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta. Nasiru, kai ka kawo batun.

Nasiru: Ni na kawo shi, don tambayar ta yi yawa. Mutum yana da kalmar sirri, yana son ya kulle fayil da AES-256, hanyar ɓoye bayanai da ke aiki da mabuɗi, ita kuma bayit 32 take buƙata, ba ragi ba ƙari. Sai ya ce, in cike kalmar da sifili har ta kai 32? Ko in bi da ita ta SHA-256 sau ɗaya?

Malam Kabiru: Duka biyun za su yi aiki, abin da ke damuna ke nan. Fayil zai kulle, zai buɗe, gwaji zai wuce lafiya lau. Amma ɓarawon da ya samu fayil ɗin ba zai tsaya kokawa da AES ba. Kalmar zai dinga canka. SHA-256 kuwa, lissafin da ke mayar da kowane rubutu bayit 32, don sauri aka gina ta, katin GPU (na'urar lissafin hotuna) guda ɗaya na zamani yana gwada biliyoyi a daƙiƙa.

Hauwa: Wato so ake a rage masa gudu.

Malam Kabiru: Yauwa. A sa kowane canki ya yi tsada. Aikin PBKDF2 ke nan, wanda ya fito a RFC 2898, ɗaya daga takardun ƙa'idojin intanet, a shekarar 2000. Za ki ba shi kalmar sirri, da gishiri, da yawan zagayen da zai yi, da tsawon mabuɗin da kike so. A wancan lokaci an ce kada zagaye ya gaza 1,000. Yanzu OWASP, ƙungiyar tsaron manhaja, tana ba da shawarar 600,000 idan da SHA-256 ake yi.

Hauwa: Tsaya Malam, gishirin nan fa? Mai sauraro zai ɗauka wani sirri ne na biyu.

Malam Kabiru: Ba sirri ba ne ko kaɗan. Bayit 16 ne da ba a iya hasashensu, sabo ga kowane fayil ko kowane mutum, ana ajiye shi a fili kusa da bayanan. Amfaninsa, mutum biyu masu kalma iri ɗaya ba za su tashi da mabuɗi ɗaya ba, kuma teburin da ɓarawo ya lissafa tun farko ya zama banza. Abin da nake yawan gani shi ne a rubuta gishiri ɗaya a cikin kod, kowa da kowa ya yi amfani da shi. Laburare ba zai hana ka ba, bai san daga ina ka kawo shi ba.

Nasiru: Nan nake so mu daɗe. A OpenSSL 3.0, laburaren ɓoye bayanai da ya fito a Satumba 2021, tsarin shi ne ka kira EVP_KDF_fetch ka faɗi sunan abin da kake so, ka buɗe mahalli da EVP_KDF_CTX_new, ka jera bayananka a cikin OSSL_PARAM, sannan EVP_KDF_derive ya cika maka wurin da ka tanada. Kira uku huɗu ne kawai. Amma a cikin jeren nan ba kalmar kaɗai kake miƙawa ba, har da tsawonta. A nan na taɓa yin kuskuren da har yanzu yake min ciwo.

Hauwa: Me ya faru?

Nasiru: Wata ƙaramar manhajar ajiye bayanai na rubuta da harshen C. Wajen tsawon kalma sai na sa sizeof, mai auna girman abin da ke hannunka, maimakon strlen, mai ƙirga haruffa, alhali abin da ke hannuna manuni ne kawai, wato adireshin inda kalmar take a memori. A na'ura mai bit 64, amsar kullum 8 ce. Mutum zai rubuta jimla mai haruffa 30 yana ganin ya ƙulle ƙofa tam, manhajar kuwa takwas na farko kaɗai take karantawa. Ranar da na gane, ni da kaina na yi kuskuren harafin ƙarshe, sai na ga fayil ya buɗe. Na sake, na canza rabin jimlar, ya sake buɗewa. Jikina ya yi sanyi, don mutane sun riga sun amince sun zuba bayanansu.

Malam Kabiru: Kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya.

Nasiru: Ko ɗaya, Malam. Tun daga ranar, ba na sakin kod sai na gwada shi da misalan gwaji da ke cikin takardun RFC. Sun ba ka abin shigarwa, sun ba ka abin da dole ya fito. In bayit ɗaya ya saɓa, akwai matsala. Sai kuma gwajin kalma mara daidai, dole ta kasa buɗewa.

Malam Kabiru: Bari in ƙara ɗaya a kan OpenSSL. EVP_KDF_derive yana dawo da 1 idan ya yi nasara, 0 ko lamba ƙasa da sifili idan ya gaza. A harshen C duk abin da ba sifili ba ana ɗaukarsa gaskiya ne. To wanda bai kwatanta amsar da 1 ba, yana iya karɓar gazawa a matsayin nasara, ya ci gaba da kulle bayanai da duk tarkacen da ke cikin wurin da ya tanada.

Hauwa: Subhanallah. To amma ni na ji ana cewa PBKDF2 ya tsufa.

Malam Kabiru: Bai mutu ba, sai dai yana da rauni ɗaya: lokaci yake ci, ba ya cin memori. GPU kuma tana da dubban ƙananan ma'aikata da za su yi ta aiki tare. Shi ya sa Colin Percival ya fito da scrypt a 2009, wanda ke tilasta wa kowane canki ya mamaye memori mai yawa. Daga baya Argon2 ya lashe gasar Password Hashing Competition a 2015, aka rubuta shi a RFC 9106 a 2021. Zaɓin farko a takardar shi ne Argon2id da gigabayit 2, ga ƙananan na'urori kuma megabayit 64 da zagaye 3. In sabon aiki zan fara yau, shi zan ɗauka. A laburaren libsodium kiran crypto_pwhash ne, OpenSSL kuma sai a 3.2 ya shigo da shi.

Hauwa: HKDF kuma fa? Ina ganinsa a jeri ɗaya da waɗannan, kamar 'yan gida ɗaya ne.

Malam Kabiru: Wannan jerin ya yaudari mutane da yawa. Ta ƙofa ɗaya ake kiransu, suna kawai ake canzawa, amma aikinsu daban. HKDF na Hugo Krawczyk ne, RFC 5869, shekarar 2010, kuma ba ya ɓata lokaci ko kaɗan. Ya ɗauka abin da kika ba shi ya riga ya yi ƙarfi, kamar sirrin da na'urori biyu suka samu ta musayar Diffie-Hellman, hanyar da suke cimma sirri ɗaya ba tare da sun aika shi ba. Mataki biyu yake yi. Ya tace sirrin ya zama mabuɗin uwa, sannan ya faɗaɗa shi zuwa mabuɗai nawa kike so. TLS 1.3, mai kare sadarwar intanet, da shi take aiki, haka manhajar saƙonni ta Signal. Kika ba shi kalmar da mutum ya ƙirƙira da kansa, zai karɓa, ya ba ki bayit 32 masu kyan gani, tsaro kuwa bai wuce na SHA-256 sau ɗaya ba.

Nasiru: Abin da ya fi burge ni a HKDF shi ne gurbin info, wato laƙabi. Sirri ɗaya, ka sa laƙabin ɓoyewa ka samu mabuɗi, ka sa laƙabin tantancewa ka samu wani, sanin ɗaya ba ya kai ka ga ɗayan. Mutane suna barinsa fanko don an ce ba dole ba ne, sai su ƙare da mabuɗi ɗaya yana aiki biyu. Su libsodium ba su bar zaɓi ba, crypto_kdf_derive_from_key sai ka ba shi laƙabi mai haruffa 8 da lambar mabuɗi.

Hauwa: Ke nan ana iya haɗa su?

Nasiru: Sosai ma. Argon2id sau ɗaya a kan kalmar sirri, a sha wahalar sau ɗaya, sannan HKDF ya raba abin da ya fito.

Hauwa: Tambayata ta ƙarshe, Malam. Yau na sa zagaye 600,000, bayan shekara biyar na ga ya yi kaɗan. Ina tsofaffin fayiloli za su kwana?

Malam Kabiru: In ba ki rubuta adadin a jikin fayil ɗin ba, kin ɗaure kanki. Dubi umarnin enc na OpenSSL, wanda ake kulle fayil da shi. Da can MD5, wani tsohon lissafi irin SHA-256, yake amfani da shi wajen fitar da mabuɗi, zagaye ɗaya tak. A 1.1.0 aka koma SHA-256, fayil ɗin kuma bai ɗauke da bayanin wanne aka yi amfani da shi ba. Mutane suka wayi gari da kalmar sirri daidai, fayil ya ƙi buɗewa, sai da suka ƙara -md md5 da hannu. Don haka a kan kowane fayil ki rubuta lambar siga, sunan algoridim, gishiri, zagaye da memori. Mabuɗin kansa kuma, da zarar kin gama da shi, ki goge shi da OPENSSL_cleanse ko sodium_memzero, don memset na yau da kullum, kwamfaila, wato manhajar da ke juya kod zuwa harshen na'ura, na iya cire shi in ya ga ba za a sake karanta wurin ba.

Nasiru: Wannan na memset ɗin, Malam, ina so in ga kod ɗin da kwamfaila ya fitar da idona.

Malam Kabiru: Kawo kwamfutarka mako mai zuwa, mu buɗe shi tare a shirin.

Hauwa: To shi ke nan, da shi za mu fara. Sai mun haɗu, a huta lafiya.