Daga Faris zuwa Maraɗi: awa nawa ne a gaskiya?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Maraɗi da kewaye. Ina yi muku wannan magana ne daga filin jirgin sama na Muhammadu na Biyar da ke Kasabulanka, inda nake zaune da jakata a gefe ina jiran jirgi na biyu. Shekaranjiya Inna ta kira ni ta ce, "To, awa nawa ne tsakaninka da mu, in san lokacin da za a dama maka fura?" Na yi shiru, domin amsar da intanet take bayarwa dabam, wadda jikin matafiyi ya sani kuma dabam.

Tsakanin Faris da Yamai, idan aka miƙe ta sama, akwai kimanin kilomita 3,900. Jirgin fasinja yana cin wajen kilomita 850 a awa guda, saboda haka da tashi da sauka tafiyar takan ɗauki awa biyar da rabi, mafi yawanta a saman Aljeriya da rairayin Sahara. Haka muka saba kafin Air France ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Ni a wannan karon sai da na ratso ta Maroko: awa uku daga Faris zuwa nan, sannan kusan awa uku da rabi daga nan zuwa Yamai, ban da zaman jira a tsakani, wanda ya riga ya cinye mini la'asar da magariba a kan wannan kujera ta ƙarfe. Bisa tikitin da ke hannuna, sai tsakar dare za mu sauka a filin jirgin Diori Hamani na Yamai. Abu ɗaya da ya yi mini daɗi shi ne, da yake lokacin sanyi ne, agogon Faransa da na Nijar ɗaya suke, ban taɓa agogona ba.

Sai dai abin da nake so ku riƙe, musamman ƙannenmu da ke karatu a waje suna shirin zuwa hutu, shi ne cewa sauka a Yamai ba isowa ba ce ga Bamaraɗe. Daga can akwai sauran kilomita kusan 660 a kan babbar hanya ta ɗaya. Motar kar, wato babbar bas ta fasinja, takan tashi kafin asuba, ta bi Doso, ta bi Dogon Dutsi, ta tsaya a Birnin Ƙonni a yi salla a ci abinci, ta wuce Galmi inda buhunan albasa suke jere a bakin titi har ƙamshinsu ya shigo ta taga, sannan Madawa da Gidan Rumji, kafin mutum ya hangi Tsibiri ya san ya zo. Wannan hanya takan ci awa goma ko fiye, wato ta fi dukan zaman da na yi cikin jirage biyu tsawo, alhali nisanta kusan kashi ɗaya cikin shida ne kawai na abin da ke tsakanin Faris da Yamai.

Da na haɗa komai, daga rufe ƙofar ɗakina a Faris zuwa sallama a zauren gidanmu, sai na ga kwana guda cur ne da 'yan awoyi. Shi ya sa ɗazu na sake kiran Inna na ce kada a dama furar sai gobe bayan la'asar, kuma zan buga mata waya da zarar mun bar Gidan Rumji.