Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Taron Lauyoyin Kamfanoni a Katsina

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, babban baƙonmu, wakilin Mai Martaba Sarkin Katsina, Allah ya ja zamanin Sarki, iyayenmu alƙalai, jami'an kwastan, shugabannin 'yan kasuwa, abokan aikina lauyoyi maza da mata.

A madadin lauyoyin da ke aiki a cikin kamfanonin wannan jiha, ina yi maka barka da sauka Katsina ta Dikko, ɗakin kara. Da ka turo wakili ma da mun gode, amma zuwa da kai ya fi aike.

Ranka ya daɗe, a nan idan aka ce ciniki da ƙetare, yawanci Maraɗi ake nufi, garin da har gobe ake kiran sarkinsa Sarkin Katsinan Maraɗi. Wake da albasa da dabbobi suna shigowa ta Jibiya da Kongolam, kayan masarufi suna fita. Iyayenmu fatake sun yi wannan harka da amana da shaidar dillali, ta kuma riƙe su. Kamfani mai rajista kuwa banki na tambayarsa takarda, mai binciken asusu na tambaya, hukumar haraji na tambaya, kuma duk a teburinmu tambayoyin ke sauka.

Dokar kasuwancinmu gadon Ingila ce. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, tsarin dokokin kasuwanci na bai ɗaya da aka kafa a 1993, wanda babbar kotunsa ke Abidjan. Mutum biyu za su ƙulla ciniki da Hausa tsantsa, ranar da bashi ya maƙale sai a tarar hukuncin Babbar Kotun Katsina bai isa a kama ko buhu ɗaya a Maraɗi ba, sai an sake bi ta kotun can da Faransanci. Shi ya sa muke dagewa a rubuta sharaɗin sasanci, tunda ƙasashen biyu sun shiga Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta sa kotun kowace ƙasa ta aiwatar da hukuncin masu sasanci da aka yanke a ɗayar. Sau da yawa mai kamfani yakan ce, "Barista, kana kira mana rigima tun ba a ɗora kaya ba." Mukan haɗiye, mu rubuta.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne rufe iyaka. An rufe ta a watan Agusta na 2019, aka buɗe wasu a Disambar 2020, Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Ba mu gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya biyo baya, sai Maris na 2024 Najeriya ta sake buɗewa. Duk wanda ya je Jibiya a lokacin ya ga tireloli jere, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota suna dafa shayi, kaya na lalacewa a cikin tamfol. A ofis kuma waya ba ta hutawa: wa zai biya kuɗin kwanan mota? Mai saye ya ba da kafin alƙalami, a mayar masa ko a riƙe? Inshora ta ce aikin gwamnati ne, ba ruwanta. Kwantiragin da bai ambaci rufe iyaka a cikin uzurin da ya fi ƙarfin mutum ba, mai shi ya sha asara. Ba mu ja da ikon gwamnati kan tsaro, ranka ya daɗe. Roƙonmu shi ne a riƙa ba da wa'adi ga kayan da suka riga suka cika ƙa'ida suna kan hanya, a kuma fitar da umarnin a rubuce, domin lauya ba ya kafa hujja da labarin rediyo.

Sai maganar kuɗi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana kamfani biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 10 ba ta banki ba, mutum ɗaya kuma miliyan 5. Mai ƙetare iyaka da abin da ya wuce dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastan. Mai fitar da kaya zai cike fom NXP na bayyana kayan da za a fitar, ya dawo da kuɗin cikin kwana 180. Doka ce mai kyau, muna kuma tsayawa a kanta. To amma mai saye a Maraɗi sefa ce a hannunsa, ɗan canji kuma ya fi banki sauri. Muddin ba a samar da hanya mai sauƙi ta biyan naira da sefa ta banki ba, lauyan kamfani zai ci gaba da zama wanda ake ɓoye wa magana sai an gama.

Tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da yi wa kayan ƙasashen da suka fita rangwamen fito har sai an ji sabon umarni, su kuma ƙasashen ƙawancen AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, suka sanar da harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigar musu daga waje. Kwantiragin shekara uku ba ya zama a kan "har sai an ji". Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ana shimfiɗawa ta ƙofar gidanmu, ga tashar tsandauri ta Funtua. Masu zuba jari suna son amsa, mu kuma daga bakinka muke fatan jin inda tattaunawar gwamnatocin biyu ta kwana.

Mun tattara waɗannan koke-koke a takarda, sakatarenmu zai miƙa maka bayan jawabinka. 'Yan kasuwar Jibiya da Daura kuma sun roƙi a ba su 'yan mintuna kafin azahar su faɗi nasu da bakinsu.

Allah ya saka da alheri, ya maida kai da tawagarka gida lafiya. Ranka ya daɗe, bisimillah, ga lasifika.