Gwangwani, rula da wayar malam

(An rubuto wannan daga rikodin laccar da wani tsohon malamin makaranta ya gabatar wa malaman firamare da na ƙaramar sakandare a birnin Katsina. An taƙaita gaishe-gaishe.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ranka ya daɗe shugaban zama, iyayena da ke zaune a gaba, malamai 'yan'uwana maza da mata, assalamu alaikum.

An ce in yi magana a kan koyarwa ta hanyar aiki da kuma na'urorin zamani. Ina shigowa na ji wani malami a bakin ƙofa yana ce wa abokinsa, "Mu da ko alli sai mun sa hannu a aljihu, za a tara mu ana yi mana zancen kwamfuta." Malam, ban ga laifinka ba, kuma daga maganarka zan fara.

Na taɓa zuwa duba aiki a wata makaranta, aka kai ni wani ɗaki mai kwaɗo biyu. Sai da aka aika gida aka karɓo makulli. Da aka buɗe, ga kwamfutoci a jere, an lulluɓe kowacce da leda, ƙurar hunturu ta yi musu bargo. Na shafa yatsa a kan tebur, sai ga layi. Hedimastan mutumin kirki ne, tsoro kawai yake ji kada wata ta lalace a ce shi zai biya. Yaran makarantar nan sun gama, sun fita, ba wanda ya taɓa ɗora yatsa a kan ko ɗaya. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Kuma kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa. Da aka fitar da sakamakon bincike a 2012, an ga yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu na lissafi da na harshe bai ƙaru ba. Na'ura ta isa aji, darasi bai sauya ba. Wannan shi ne abin da na zo in faɗa muku yau: abin da ke tayar da yaro daga gyangyaɗi shi ne a ɗora masa tambaya ta gaske, wadda amsarta ba ta kan allo, a bar shi ya nemo ta da hannunsa. In an samu wannan, waya ɗaya ta ishi aji. In ba a samu ba, ɗaki cike da kwamfuta ba zai hana karatun aku ba.

Bari in ba ku misali da abin da na yi da hannuna. Damina na ƙaratowa, ka sa yara su kawo gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya. A kafa shi a fili, nesa da indararo da inuwar itace, a ɗan binne gindinsa cikin yashi saboda iska da awaki. Kullum da safe, a lokaci guda, yara biyu su je da rula su auna zurfin ruwan, su rubuta, su zubar. Shi ke nan kayan aikin.

To, ga inda daɗin yake. Milimita ɗaya ta ruwan sama daidai take da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Sai ka ce su auna ajinsu. A ce tsawo mita 9, faɗi mita 7, an samu murabba'in mita 63. Daren jiya gwangwani ya nuna milimita 20. Ke nan rufin ajin nan ya zubar da lita 1,260 a dare ɗaya, wato jarka hamsin mai lita 25, har da ɗan ƙari. Ranar da yarana suka fitar da wannan amsar, wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce, "Malam, jarka hamsin? Mu da muke bin ɗan garuwa kullum?" Ban aike su ba, da kansu suka je suka tambayo kuɗin jarka a unguwa, suka dawo suka lissafa abin da ke bin rariya. A cikin gwangwani ɗaya sun yi awo, sun yi ninkawa da rabawa, sun yi rubutu, sun yi kimiyyar yanayi. Duk yana cikin manhaja, ba abin da na ƙirƙiro.

Yanzu waya ta shigo. Wayarka, malam, wadda ke aljihunka. A zuba alƙaluman wata guda a manhajar jadawali ta cikin wayar, ta zana musu hoton hawa da saukar ruwan, su kwafe shi a babbar takarda su manna a bango. Sannan ka nemi abokinka da ke koyarwa a Funtuwa, shi ma yaransa su kafa nasu gwangwanin, ku riƙa musayar alƙaluma ta WhatsApp duk Juma'a. Kafin kaka yaran za su gani da idonsu cewa kudancin jihar nan ya fi arewacinta samun ruwa. Daga nan ba sai ka haddace musu dalilin da ya sa masara da auduga suka fi yi a wajen Funtuwa ba, gero da wake kuma a wajen Daura da Jibiya. Gani ya kori ji.

Wani zai ce wannan salon Turawa ne. Gaskiya ne wani malami ɗan Amurka, William Kilpatrick, ya yi rubutu a kan wannan hanya a 1918, sunanta ya bazu daga nan. Amma ku je maƙera ku gani. Wa ya taɓa zaunar da ɗan maƙeri ya rubuta masa yadda ake ƙera lauje? Da zuga-zugi yake farawa, yana kallo, a miƙa masa guduma, ya ɓata ƙarfe, a gyara masa. Haka ɗan dukawa, haka ɗan marina. Kuma a garin nan aka yi Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi rubutu a kan hatimin lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ku gwada hatiminsa mafi sauƙi da 'yan aji huɗu: gida tara, lambobi daga 1 zuwa 9, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ya ba da 15. Ku zana a ƙasa, ku ba su tsakuwa. Za ku kaɗa ƙararrawar tashi su ƙi tashi.

Haka zancen inuwa. Kafin agogo, malamanmu da inuwa suke gane la'asar, idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar zawali. Da wannan ilimin yaro zai auna abin da ba zai iya hawa ba. A kafa sanda mai mita ɗaya, in inuwarta ta yi mita 2, inuwar darbejiyar makaranta kuma ta yi mita 16 a daidai wannan lokacin, to itacen mita 8 ne. In sun ƙware, a nemi izini a kai su hasumiyar Gobarau su gwada. Yaro nawa ne a cikin birnin nan ke wuce ta kullum bai taɓa tambayar tsawonta ba?

Malaman harshe da tarihi, ban manta da ku ba. Kowace waya tana ɗaukar murya. Yara su je wurin tsofaffin unguwa da ladabi, su gaishe su, su nemi yardarsu kafin a danna komai, su tambayi asalin sunan Ƙofar Marusa ko Ƙofar Guga, na Daura su tambayi rijiyar Kusugu. Su dawo su rubuta abin da suka ji. Za su tarar tsofaffi biyu sun saɓa a labari ɗaya, kuma daga nan ne karatun tarihi yake farawa.

Sai dai kwamfutar nan ma dole su taɓa ta. Tun 2015 jarabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Zalunci ne yaro ya fara riƙe linzamin kwamfuta ranar jarabawarsa, hannu na rawa, lokaci na tafiya. Duk wanda ke da ɗakin nan mai kwaɗo, don Allah ya buɗe. Wadda ta lalace a hannun yara ta fi wadda ƙura ta kashe.

Na ga Malama ta ɗaga hannu can baya. Bismillah.

(Wata malama ta ce ajinta ya cika maƙil, ko wurin ratsawa babu, ta yaya za ta yi wannan.)

Na gode, Malama, Allah ya saka da alheri. Ni ma na koyar a irin ajin nan. Kada ki ce kowa zai yi komai a rana ɗaya. Ki raba su rukuni-rukuni, takwas ko goma, kowane rukuni da ranarsa ta gwangwani. A cikin rukuni kowa da aikinsa: mai awo, mai rubutu, mai lissafi, mai tashi ya yi wa aji bayani. Ki riƙa juya ayyukan duk mako, in ba haka ba manyan yara maza za su ƙwace rular, 'yan mata su koma 'yan kallo. Wannan ki sa masa ido sosai. Za a yi hayaniya, don haka ki faɗa wa hedimasta tun kafin ki fara, ki nuna masa wurin da aikin ya faɗo a manhaja. Kuma ki fara da aiki ɗaya tak a zangon nan. Ina da gwangwani da rula a jakata, in an sauko daga sallar azahar ki same ni a gindin itacen can na waje, mu zuba ruwa mu auna tare.