Yadda Majalisar Dokokin Filifin Ke Tattara Ƙuri'un Zaɓen Shugaban Ƙasa

Jama'a masu kallonmu, barkanmu da wannan lokaci. A Nijeriya mun saba ganin shugaban hukumar zaɓe ta INEC yana zaune a zauren tattara sakamako a Abuja, turawan zaɓe na jihohi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karanta alƙaluma, daga ƙarshe ya bayyana wanda ya yi nasara. A ƙasar Filifin, wadda ke kudu maso gabashin Asiya, ba haka abin yake ba. Hukumar zaɓen ƙasar, wadda ake kira Comelec, ita ce ke shirya zaɓe, ita ke buga takardun ƙuri'a, ita ke bayyana sanatocin da suka ci, amma ba ta da hurumin cewa wane ne shugaban ƙasa ko mataimakinsa. Wannan aiki na majalisar dokoki ne, wato 'yan siyasa su ne ke zama su haɗa lissafin zaɓen da su kansu suke da ɗan takara a ciki.

Tushen wannan tsari yana cikin kundin tsarin mulkin ƙasar na shekarar 1987, a babi na 7, sashe na 4. Ana yin zaɓen shugaban ƙasa a ranar Litinin ta biyu ta watan Mayu, sau ɗaya a shekara shida, kuma shugaba ba ya yin tazarce. Ana zaɓen mataimaki daban da shugaba, saboda haka yakan faru a sami shugaba daga wata jam'iyya, mataimakinsa daga wata. Babu zagaye na biyu, babu kuma sharaɗin samun wani kaso a yankuna. Wanda ya fi yawan ƙuri'u shi ne ya ci, ko da bai kai rabi ba. A shekarar 1992 Fidel Ramos ya zama shugaban ƙasa da ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa. A irin wannan tsari kowane dubu na ƙuri'u yana da nauyi, shi ya sa wanda ke riƙe da alƙalamin lissafi yake da muhimmanci ƙwarai.

Kafin sakamako ya isa majalisa sai ya bi matakai. A kowace rumfar zaɓe ana fitar da takardar sakamakon rumfa. Daga nan kwamitin tattara sakamako na gari ko na birni ya haɗa na rumfunansa, ya miƙa wa kwamitin lardi, shi kuma ya haɗa na garuruwansa ya fitar da takardar shaidar tattara sakamako. Manyan birane suna fitar da tasu kai tsaye, haka ma ofisoshin jakadanci inda 'yan ƙasar mazauna waje ke kaɗa ƙuri'a, kuma ba kaɗan ba ne, domin miliyoyin 'yan Filifin ne ke aiki a ƙasashe irin su Saudiyya da Daular Larabawa. Ana saka kowace takardar shaida a ambulan, a rufe ta cikin akwatin zaɓe, a aika wa shugaban majalisar dattawa. A ƙasar da ke da tsibirai fiye da 7,000, isowar waɗannan akwatuna ma kanta aiki ce.

Kundin tsarin mulki ya ɗora wa shugaban majalisar dattawa buɗe dukkan takardun cikin kwana 30 daga ranar zaɓe, a gaban majalisun biyu, a zaman haɗin gwiwa da jama'a za su iya kallo. Ana ɗauko akwatunan daga ginin majalisar dattawa da ke Pasay, da rakiyar jami'an tsaro, zuwa ginin majalisar wakilai da ake kira Batasang Pambansa a birnin Quezon. Tun da ba zai yiwu sanatoci 24 da wakilai fiye da 300 su duƙufa a kan kowace takarda ba, sai a kafa kwamitin haɗin gwiwa ya yi aikin, ya kawo rahoto, majalisun su amince, sannan shugaban majalisar dattawa da kakakin majalisar wakilai su ɗaga hannun wanda ya ci. Idan 'yan takara biyu suka yi kunnen doki, majalisun ne za su zaɓi ɗaya daga cikinsu, kowace majalisa ta kaɗa ƙuri'arta daban.

To me kwamitin yake dubawa? A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren fahimta. Majalisa ba ta ƙirga ƙuri'u. Ba ta ganin takardar ƙuri'a ko guda. Abin da doka ta ce ta tabbatar shi ne ingancin takardar shaidar: shin shugaban kwamitin lardi da mambobinsa sun sa hannu kuma sun dangwala yatsa, shin akwai sunan kowane ɗan takara da adadin ƙuri'unsa a rubuce da kalmomi da kuma lambobi, shin kwafin da ke hannun majalisa ya yi daidai da sauran kwafe na gaskiya. Ana buɗe akwati a bainar jama'a, a bayyana yadda aka sami ambulan da hatiminsa, a haska takardar a allo, lauyoyin 'yan takara su matso su duba, a karanta alƙaluma. Idan takardar ba ta cika ba, ana kiran jami'an lardin su zo su yi bayani ko su kawo takardun rumfuna. Idan kuma an ga goge-goge ko canjin lamba da zai iya shafar sakamako, ɗan takara ko jam'iyyarsa na iya neman a koma ga takardun rumfuna don a gwada lissafin. Ƙofar kenan, kuma ƙarama ce. Zargin sayen ƙuri'a ko tsoratar da masu zaɓe ba na wannan zama ba ne. Ana cewa mai ƙorafi ya jira a bayyana wanda ya ci, sannan ya tafi kotu.

Filifin ta gaji wannan tsari ne daga Amurka, wadda ta mulke ta daga 1898 zuwa 1946, kuma har yau majalisar Amurka takan zauna ranar 6 ga Janairu ta ƙirga ƙuri'un wakilan jihohi. Amma abin da ya sa 'yan Filifin suke sa ido a kan wannan zama shi ne abin da ya faru a 1986. Shugaba Ferdinand Marcos, wanda ya shekara 20 a kan mulki, ya kira zaɓen gaggawa ranar 7 ga Fabrairu, Corazon Aquino ta kara da shi. Kwana biyu bayan zaɓen wasu ma'aikatan kwamfuta na hukumar zaɓe suka fice daga zauren lissafi, suna cewa abin da ake nunawa a allo ba shi ne abin da suke shigarwa ba. Ƙungiyar sa ido ta NAMFREL kuma lissafinta ya nuna Aquino ce a gaba. Duk da haka, ranar 15 ga Fabrairu majalisar wancan lokaci, wadda jam'iyyar Marcos ta mamaye, ta bayyana shi a matsayin wanda ya ci, 'yan adawa suka fice daga zaure. Kwana goma bayan haka, bayan jama'a sun cika titin EDSA a Manila kuma wani ɓangare na soja ya juya masa baya, Marcos ya bar fadar mulki, ya ƙare a Hawaii. Abin lura shi ne, waɗanda suka rubuta sabon kundin tsarin mulki bayan wannan ba su karɓe aikin daga hannun majalisa ba.

Gwaji mafi tsanani a ƙarƙashin sabon kundin ya zo a 2004. Shugaba mai ci, Gloria Macapagal Arroyo, wadda ba zaɓenta aka yi shugaba ba, ta gaji kujerar ne daga matsayin mataimakiya a 2001, shi ya sa dokar hana tazarce ba ta hau kanta ba, ta fafata da Fernando Poe Jr., fitaccen jarumin fina-finai da talakawa ke ƙauna. An yi zaɓe ranar 10 ga Mayu, kuma a lokacin da hannu ake ƙirga komai, ana kwafe lambobi daga takarda zuwa takarda a kowane mataki. A irin wannan kwafe-kwafe ne ake yin maguɗin da 'yan ƙasar ke kira dagdag-bawas, wato a ƙara wa wani a rage wa wani, jimilla ta tsaya yadda take. An kafa kwamiti mai mutum 22, sanatoci 11 da wakilai 11, ƙarƙashin Sanata Francis Pangilinan da ɗan majalisar wakilai Raul Gonzalez. 'Yan adawa suka dage cewa takardun wasu larduna, musamman a Cebu da yankin Mindanao, suna da alamar tambaya, suka nemi a buɗe takardun rumfuna a gwada. Masu rinjaye suka ƙi, suna cewa aikin majalisa duba takardar shaida ne kawai, kuma idan aka fara buɗe na rumfuna ba za a gama ba kafin ranar 30 ga Yuni, ranar da wa'adin shugaba ke ƙarewa da tsakar rana. Duk lokacin da lauyan adawa ya tashi ya kawo ƙorafi, sai a amsa masa da kalmar Turanci guda, "noted", ma'ana an ji an rubuta, a wuce zuwa akwati na gaba. Aka yi ta maimaita ta a talabijin har ta zama laƙabin Pangilinan, kuma ta bi shi har zuwa 2022 lokacin da ya nemi kujerar mataimakin shugaban ƙasa.

Rigimar ta kai Kotun Ƙoli fiye da sau ɗaya a cikin watan Yuni kaɗai. Kotun ta amince majalisa ta yi aikin ta hanyar kwamiti. Ta hana hukumar zaɓe gudanar da nata lissafin gaggawa na kujerar shugaban ƙasa, domin hakan shiga hurumin majalisa ne. Da Sanata Aquilino Pimentel Jr. ya kai ƙara cewa majalisa ta riga ta rufe zamanta na shekara, saboda haka kwamitin ba shi da sauran iko, kotun ta ce tattara sakamako ba aikin yin doka ba ne, wajibi ne da ba ya faɗuwa sai an kammala shi. Da asubahin ranar 24 ga Yuni, mako shida bayan zaɓe, aka bayyana Arroyo da ratar ƙuri'u kimanin miliyan 1.1. Shekara guda bayan haka wani faifan murya ya fito, inda aka ji ta tana magana ta waya da wani kwamishinan hukumar zaɓe a lokacin da ake tattara sakamako. Ta fito a talabijin ta nemi afuwa a kan kiran, amma ta musanta yin maguɗi.

A ganina, duka ɓangarorin biyu suna da hujja, kuma wannan shi ne raunin tsarin. Masu rinjaye sun yi gaskiya da suka ce doka ta taƙaita aikinsu kuma lokaci na ƙurewa. 'Yan adawa ma sun yi gaskiya da suka ce takarda na iya ɗauke da sa hannu da dangwale na gaskiya alhali lambobin cikinta na ƙarya ne. Matsalar ita ce, wanda zai yanke hukunci ko alamar tambayar ta isa a buɗe takardun rumfuna shi ne ɓangaren da ya fi yawan kujeru, kuma kura ba ta cika yin shari'ar akuya da adalci ba.

Abin da ya sauya fuskar aikin shi ne na'ura. Daga 2010 mai zaɓe yana cike da'ira a gefen sunan ɗan takara, ya saka takardar a na'urar da ke karantawa ta ƙirga, sannan ta aika sakamako kai tsaye ta hanyar sadarwa. Yanzu kwamitin majalisa yana gwada takardar da ta zo a akwati da alƙaluman da suka iso ta na'ura, kuma jama'a sun riga sun san yadda zaɓe ya kaya tun a daren farko. A 2010 an bayyana Benigno Aquino na Uku ranar 9 ga Yuni. A 2016 kwamitin ya gama cikin kwana uku, aka bayyana Rodrigo Duterte ranar 30 ga Mayu, shi kuwa bai ma halarci zaman ba. A 2022 kwana biyu suka isa: aka duba takardu 171 daga cikin 173, aka bar na Ajantina da Siriya tun da ba za su canza komai ba, kuma ranar 25 ga Mayu aka bayyana Ferdinand Marcos Jr., ɗan tsohon Shugaba Marcos, da ƙuri'u kimanin miliyan 31.6, Leni Robredo na biye da kimanin miliyan 15. Shugaban majalisar dattawa da ya jagoranci wannan zama, Vicente Sotto na Uku, shi kansa ɗan takarar mataimakin shugaban ƙasa ne a zaɓen, kuma shi ne ya bayyana Sara Duterte wadda ta kayar da shi. Saurin ya samu ne daga na'ura da kuma girman rata. Dokar da ta taƙaita abin da majalisa ke dubawa tana nan yadda take.

Saura tambayar inda mai ƙorafi zai je. Kundin tsarin mulki ya ce alƙalan Kotun Ƙoli gaba ɗayansu, su 15, su ne ke zama kotun sauraren ƙarar zaɓen shugaban ƙasa da mataimakinsa, kuma su kaɗai ne ke da ikon sa a buɗe akwatuna a sake ƙirga ƙuri'u. Poe ya shigar da ƙara a 2004, amma ya rasu a watan Disamba na wannan shekara, kuma kotun ta ƙi yarda matarsa ta ci gaba da ƙarar a madadinsa, saboda haka ba a taɓa yanke hukunci a kan zarginsa ba. A 2016 Robredo ta doke Marcos Jr. a takarar mataimaki da ƙuri'u 263,473 kacal. Ya kai ƙara, ya ajiye kimanin peso miliyan 66 na kuɗin aikin, domin mai ƙara ne ke ɗaukar nauyin sake ƙirgar da ya nema. Aka ce ya zaɓi larduna uku da yake ganin maguɗi ya fi yawa, ya zaɓi Camarines Sur da Iloilo da Negros Oriental. Da aka sake ƙirgawa, ratar Robredo ta ƙaru da kimanin ƙuri'u 15,000. Kotun ta kori ƙarar baki ɗaya ranar 16 ga Fabrairu, 2021, lokacin da ya rage ƙasa da shekara ɗaya da rabi wa'adin shekara shidan ya cika.