Gari da Gari, "Ship" da "Sheep": Lacca kan Wasulan Turanci

Assalamu alaikum. Abu uku zan taɓa yau, in lokaci ya ba mu dama.

Na farko, haruffan wasali a Turanci biyar ne, amma a bakin mutanen Ingila sautukan sun kai 20. Harafi biyar, sauti 20! Don haka ido kaɗai ba zai fisshe ku ba, sai da kunne.

Kunnen kuwa kuna da shi. Ke 'yata da ke gaba, ce min "gari", inda mutane ke zaune. Yauwa. To ce "gari" na tuwo. Kun ji yadda ta ja wasalin? Haka "fito" na fitowa waje da "fito" na baki, wanda kakanninmu ke hana mu yi da dare. Boko ya rubuta su iri ɗaya, amma ajami yana nuna jan da alif ko wau ko ya. Wanda duk ya zauna gaban malamin allo ya san maddi: ka gajarta inda ake ja, nan take a tsayar da kai. Wallahi abin yana ci min rai, in ga yaron da ya riƙe maddi daram, amma ya zo jarrabawar WAEC jikinsa na ɓari saboda "ship" da "sheep". Kunnen nan fa kuna da shi!

Sai dai a kula, ba tsawo kaɗai ba ne. A "sheep" leɓɓa kan baje kamar mai murmushi. A "ship" baki sakewa yake, harshe ya ɗan sauko. Ku gwada. Na baya ban ji ku ba! Haka "full" da "fool", kada ka je yabon mutum ka zage shi.

Na biyu, da sauri: "e" ta ƙarshen kalma ba a furta ta, wasalin da ya gabace ta take sauyawa, "hop" ya koma "hope". In an ninka baƙi, kamar "hopping", wasalin gajere ne. Na uku... na ga hannu, bismillah.

"Malam, me ya sa ake kiran 'i' ta 'time' dogon wasali, alhali 'ai' muke ji?"

Madalla, ɗana! Tagwan wasali ne, kamar na "rai". A da can "ii" ake ja a wurin. Tsakanin wajen 1400 da 1700 dogayen wasulan Turanci suka yi ƙaura a baki. Ana cikin haka William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa, furuci ya ci gaba da tafiyarsa, sunan "dogo" kuma ya maƙale. Ga ladan ya kira la'asar, na ukun sai mako mai zuwa.