Kwantena da albashin 'yan dakon tashoshin ruwan Amurka

Jama'a masu kallo, kwantenar da kuke gani a bayan tirela a hanyar Legas zuwa Kano tana da tarihin da ke nuna yadda na'ura da dokar gwamnati suke haɗuwa su yanke wa ma'aikaci abin da zai kai gida.

A watan Afrilun 1956 wani mai harkar manyan motoci, Malcom McLean, ya ɗora kwantena 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston, biranen Amurka biyu masu tashar ruwa. Kafin lokacin, 'yan dako ne ke loda kaya buhu-buhu, jirgi ya shafe kwanaki a tasha, kuma lodin tan guda yana cin kusan dala 6. Da kwantena, kuɗin ya faɗo zuwa kimanin santi 16. Babu mai jirgin da zai ga wannan rangwame ya kau da kai, saboda haka abin da ya rage shi ne a san wa zai ci ribar, wa kuma zai ɗauki asarar.

A gaɓar yammacin ƙasar, shugaban ƙungiyar 'yan dako, Harry Bridges, ya fahimci cewa ba a tare wannan ambaliya da tafin hannu, sai ya zaɓi ciniki. A yarjejeniyar 1960 ƙungiyar ta amince a shigo da na'urori, kamfanoni kuma suka ɗauki nauyin zuba dala miliyan 5 duk shekara a asusun da zai tabbatar wa ma'aikata albashi, ya kuma biya waɗanda suka yi ritaya da wuri. A Niyok ma an kafa wani kaso da ake biyan ma'aikata daga kayan da ke wucewa cikin kwantena. Sai dai kada a yi wa yarjejeniyar kwalliya fiye da kima: ta kare waɗanda ke da rajistar cikakkun 'yan dako ne, yawan 'yan dako ya ragu ƙwarai, 'yan aikin wucin gadi kuwa ba su samu irin wannan kariya ba.

Yanzu mu fito bakin ƙofar tasha, inda direbobin tirela ke jiran wannan kwantenar. A 1980 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta sassauta ƙa'idojin sufurin kaya ta mota, gasa ta tsananta, farashin dako ya faɗi. Kamfanoni da dama suka daina ɗaukar direbobi a matsayin ma'aikata, suka mayar da su 'yan kwangila masu zaman kansu, wato direba ne zai sayi mai, ya gyara mota, ya biya inshora, sannan a biya shi bisa yawan lodin da ya kai, ko da ya ɓata rabin yini a layi. Kuma tunda a idon doka shi ba ma'aikaci ba ne, ba shi da hurumin shiga cinikin albashi ta hannun ƙungiyar ƙwadago. Wannan direban ba na'ura ce ta rage masa samu ba, rubutun doka ne.

Takaddamar ba ta kwanta ba har yau. Ranar 1 ga Oktoban 2024 'yan dako kimanin 45,000 suka shiga yajin aiki a tashoshin gabas da kudu, daga jihar Maine har jihar Texas, suna neman ƙarin albashi da hana shigo da na'urori masu sarrafa kansu. Wata doka ta 1947 ta bai wa shugaban ƙasa damar neman kotu ta dakatar da irin wannan yaji na kwana 80, amma shugaban lokacin, Joe Biden, ya ƙi amfani da ita, kuma wannan ƙin ya ƙara wa ma'aikatan ƙarfin ciniki. Cikin kwana uku aka amince da ƙarin kusan kashi 62 cikin ɗari a tsawon shekara shida, wanda zai ɗaga mafi girman ladan awa guda daga dala 39 zuwa 63.

Batun na'urori ya fi kuɗi wuyar warwarewa, don sai a Janairun 2025 aka daidaita: kamfanoni za su iya kawo na'urorin ɗaga kaya na zamani da har yanzu ke buƙatar sa hannun mutum, bisa sharaɗin samar da ƙarin guraben aiki ga 'yan ƙungiya. Yarjejeniyar za ta ƙare a 2030, kuma babu direban tirela a cikinta.