Ajin Zanen da Babu Fensir: Me Malamar Take Koyarwa?

Wannan bidiyon da kuke gani ya zaga Facebook da TikTok, har ya faɗo rukunin WhatsApp na iyayen yara a nan Kano. Wai darasin zane ne a wata makarantar Turai, amma ko fensir babu. Yara sun baje a ƙasa suna yaga takarda, suna lanƙwasa ta, malama ta harɗe hannu tana kallo. Nan take sharhi ya ɓarke. Wani ya ce asarar kuɗin makaranta ce. Wani ya ce in dai tsayuwa ce aikin, a ɗauke shi, ya iya.

Ba na ganin laifinku, domin ga abin da muka saba. Malam ya zana kofi ko mangwaro a allo, ku kwafa, ya bi da jan biro: bakwai bisa goma. Wanda nasa ya fi kama da na malam shi ne gwani. Wannan salon ma ba namu ba ne. A Ingila aka tsara shi a shekarun 1850, ƙarƙashin wani jami'in gwamnati mai suna Henry Cole, ana kiransa tsarin South Kensington: ka fara da miƙaƙƙen layi, ka wuce siffofi, ka kwafi zanen da aka buga. Masana'antu ne ke neman masu tsayayyen hannu. Daga can ya bi Turawan mulki har Indiya.

Kwafa kuma ba abin kunya ba ce. A Japan, daga aji uku na firamare yaro yake riƙe buroshi yana maimaita harafi ɗaya har hannunsa ya faɗa. Mu ma ga zayyana, dubi allon almajirin da ya yi sauka. Wa ya taɓa iya ta bai kwaikwayi malaminsa ba?

To, mu koma kan takardar, mu ga inda darasin ya samo asali.

Jamus, 1919. Walter Gropius ya buɗe Bauhaus, makarantar koyon zane da ƙira, a garin Weimar. Duk wanda ya shiga, ko gini yake so ya koya, ko saƙa, ko haɗa kujera, sai ya fara da darasin share fage. Ɗaya daga cikin malaman da suka riƙe darasin shi ne Josef Albers. Wani tsohon ɗalibinsa ya ba da labarin yadda ya shigo musu da damin tsofaffin jaridu, ya ce su mayar da su wani abu da ya fi yadda suke, su kuma girmama takardar, in da hali kada su nemi gam ko almakashi. Ya fice abinsa.

Da ya dawo, sai ya sa aka baje komai a ƙasa. Wannan ya yi jirgin ruwa, wancan ya yi dabba, wani ya yi gida. Bai ko yaba musu ba, a wurinsa wasan yara ne. Abin da ya ɗauka ya nuna wa aji shi ne na wani da ya ninke jarida kawai ya tsayar da ita.

Ku gwada, ga ta nan a hannuna. Shafi ɗaya, na tsayar da shi, ya faɗi. Na sake, ya faɗi. Yanzu na ninke shi gida biyu. Ya tsaya. In na yi masa ninki da yawa, gaba da baya, kalli, har wayata ya ɗauka. Takardar ba ta ƙara kauri ba, ninkin ne ya ba ta ƙarfi. Shi ya sa kwanon rufi yake da tudu da kwari, shi ya sa in ka yaga kwalin taliya za ka ga wata takarda a murɗe a tsakiya.

Wannan zaman, na baje aiki a duba shi tare, shi ne aka yanke daga bidiyon da kuke yaɗawa. Malamar da ta harɗe hannu ta riga ta yi rabin aikinta tun kafin a kunna kyamara: ta zaɓi kaya guda ɗaya, ta hana sauran, ta ba da matsala. Ragowar rabin yana zuwa bayan an gama. Me ya sa naka ya tsaya na Binta ya faɗi? A ina ya fara yagewa? In aka ce ka ninka tsayinsa, me za ka canja? Yaro ya amsa da bakinsa, 'yan aji su musa masa, ya koma ya gyara. In aka cire wannan zaman, to lallai masu sharhi sun yi gaskiya, ɓarnar takarda ce kawai.

'Yan Nazi sun matsa wa Bauhaus har ta rufe a 1933, Albers ya tafi Amurka da darasinsa. Daga nan darasin ya bazu.

Sauran misalai a gurguje. A Reggio Emilia ta Italiya, makarantun ƙananan yara da Loris Malaguzzi ya jagoranta suna da ɗakin aikin hannu da malaminsa na musamman, kuma ana rubuta abin da yaro ya faɗa yana aiki, a liƙa kusa da aikin. Finland ta sa sana'ar hannu cikin darussan makarantun gwamnati tun 1866. Kusa da mu kuma, a Zariya, 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suna ɗaliban zane suka ce ba za su tsaya kan zanen Turawa kaɗai ba, sai sun haɗa da na gida.

A ganina Kano ba ta rasa kayan wannan darasi ba. Ga kara, ga yumɓu, ga ragowar fata a Kurmi, ga ƙyallayen teloli da ake sharewa kullum. Je ka Ƙofar Mata ka ga mai rini ya tsamo zane daga baba yana kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Tambayar "me ya sa?" a nan kaɗai ta ishi aji mako guda.

A nan dai gizo ke saƙar: maki. Malamin da ke da cikakken aji, ga takardar sakamako na jiransa, ya fi masa sauƙi ya duba mangwaro ya ba da lamba. Ingila ta ɗan samo dabara. A jarrabawar zane ta GCSE, wato ta kammala sakandare a can, kashi 60 cikin 100 na makin yana fitowa ne daga tarin aikin da ɗalibi ya yi a tsawon karatunsa, har da gwaje-gwajen da suka lalace da bayanin abin da ya canja. Kashi 40 ne na aikin da hukumar jarrabawa ta bayar. Wato takardar da ta faɗi sau uku kafin ta tsaya, ita ma ana adana ta a fayil, mai duba jarrabawa yana son ganinta.